Hoton Kango a Ƙasan Kwalin Takalma

Cikin duk shekarun da na yi a sito, akwai wata Laraba da ba na jin zan manta da ita. Kun sha tambayata me ya sa nake juya kowace takarda, in duba gaba da baya, kafin in jefa ta a tulin shimfiɗa. Wasunku har cewa suke ina ɓata lokaci. To ga dalilin. Zan faɗe shi yadda ya faru, saboda waɗanda suka zo bayan abin, da kuma na gida da ba su san yadda aikinmu yake ba.

Sitonmu yana nan ƙasar Caina, bayan titin Guangyuan, tafiyar ƙafa kaɗan daga tashar jirgin ƙasa. Muna karɓar kayan 'yan kasuwa, mu ɗaure, mu auna, mu loda a kwantena zuwa gida. Manaja ne a sama, a lokacin Alhaji Nasiru. Daga shi sai mai karɓar kaya, sai mai dubawa, wato ni, sai masu ɗauri da masu lodi. Aikin mai dubawa shi ne ya tabbatar abin da aka ce yana cikin kwali shi ne a ciki, kuma an shirya shi yadda teku ba za ta lalata shi ba. Da zarar na sa hannu, an naɗe kwali da salatif, an auna, an rubuta lambar mai kaya a jiki, to magana ta ƙare. Ba a sake buɗe shi sai mai shi yana tsaye a wurin. Ko manaja ba ya taka wannan doka, don da ita mutane suke iya barin dukiyarsu a hannunmu su tafi.

Akwai kuma ƙa'idar firam. Mutanenmu suna sayen firam na hoto da yawa, masu kai wa shagunan kayan ɗaki da masu ɗaukar hoto. Kowane firam yakan fito daga masana'anta da takarda a ciki, ko furanni, ko bakin teku, ko wasu Turawa suna dariya, don kawai mai saye ya ga yadda zai yi kyau. Takardar talla muke ce mata. Gilashi ba ya tafiya a jikin firam, cirewa muke yi a jera shi daban cikin akwatin katako. Takardar kuwa, in mai kauri ce, sai a jefa ta a tulin shimfiɗa, wato takardun da muke sawa a ƙasan kwali don kada danshi ya taɓa kaya. Hannuna ya saba da wannan har ba na kallo.

Yayana Lawan shi ya kawo ni ƙasar nan. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, ya ba ni shekara shida. Wandunan jins yake saya a garin Xintang yana aikawa Kano, wani lokaci ya haɗa da firam. Ya rasu bayan jinyar kwana huɗu, aka yi masa sutura a nan. Allah ya jiƙansa. Ba zan tsawaita a kan wannan ba.

Al'adar jama'armu a nan, idan mutum ya rasu, mutum uku sukan shiga ɗakinsa su tattara abin da ya bari a gaban juna, a kawo sito, a aika wa magada. An nemi in shiga cikin ukun, na ce a yafe mini. Ranar Litinin da hantsi aka kawo kayan. Alhaji Nasiru ya ce wani ya ɗaure, ni in huta. Na ce a'a, ni zan yi. Da sauri na yi, ina kallon hannuna, ba kayan ba. Riguna, huluna, Alƙur'aninsa, butar shayi, sai firam guda tara. Takwas samfur ne da yake nuna wa masu saye. Na taran na baƙin katako ne, shi ne wanda yake rataye a ɗakinsa.

Na san firam ɗin. A bangon gabas ya rataye shi, tun da a nan alƙibla yamma take, don kada ya kasance a gabansa in yana salla. Akwai wata takarda baƙi da fari a ciki, ta tsufa har ta soma yin ruwan ƙasa, hoton wani kango. Ni duk zatona takardar talla ce da ta zo da shi. Har tsokanarsa nakan yi.

"Yaya, shekara nawa ke nan, har yau ba ka samu hoton da za ka sa a firam ɗin nan ba?"

Sai ya ce, "Akwai hoto a ciki, Sabi'u."

In yi dariya, shi ma ya yi. Ban taɓa matsawa kusa ba.

To ranar Litinin ɗin hannuna ya yi abin da ya saba. Na cire gilashi tara, na jera. Na zare takarda tara, na jefa a tuli. Na naɗe katakon, na rufe kwali, na sa hannu, na fita waje na sha iska.

Ranar Laraba da safe ina cikin metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, na ga saƙon murya daga Rabi, babbar 'yar Yaya, wadda take koyarwa a wata firamare a Kano. Na kara wayar a kunne.

"Baffa, ina kwana. Ya ƙarin haƙuri? Umma ta ce kada ka wahalar da kanka a kan kaya, duk abin da ya sawwaƙa shi ke nan. Ni dai abu ɗaya nake roƙo. Hoton nan da yake bayan Abba in muna waya ta bidiyo. Tun ina sakandare a gabansa yake zama. Yanzu in na rufe ido na tuno shi, da hoton nake ganinsa. Don Allah Baffa, ko firam ɗin ya karye ba komai, takardar nake so."

Sau uku na saurara. A na ukun na wuce tashata ban sani ba.

Ina isa sito na nufi tulin shimfiɗa, na zube shi a ƙasa, na bi takardun ɗaya bayan ɗaya. Babu. Wato an riga an shimfiɗa ta a ƙasan wani kwali. Daga Litinin zuwa ranar kayan mutum ɗaya aka ɗaure, na Hajiya Adiza, wata 'yar kasuwa daga zangon Accra. Takalma ne ta saya a kasuwar Zhanxi, kwali sittin da biyu, duk an rufe, an auna, da sa hannuna a kai. Motar kwantena za ta zo bayan la'asar. Kayan kasuwar salla ne, in suka rasa wannan jirgin, na gaba sai ya isa bayan an gama salla.

Na shiga ofis na sami Alhaji Nasiru.

"Alhaji, ina so a buɗe kayan Hajiya Adiza."

Ya cire tabarau. "Me aka gani a ciki?"

"Ba a ga komai ba. Ni na sa abu a ciki."

Na ba shi labari. Ya saurara har na gama.

"Sabi'u, takarda fa ka ce. Fasfo ne? Takardar gida ce?"

"Hoto ne."

"Hoton wa?"

"Hoton kango."

Ya daɗe yana kallona. Na san abin da yake tunani, ko rasuwar ce ta taɓa ni. Can ya ce, "Ka san doka, kai kake koya wa mutane ita. Ni ba zan buɗe ba, ba kuma zan ce ka buɗe ba. Kira mai kaya. In ta yarda, alhamdu lillahi. In ta ƙi, ka ba yarinya haƙuri, mu shiga kasuwa mu nemo mata wani."

Na ce, "Wani ba zai yi ba, Alhaji."

Ya ce, "Na sani. Kira ta."

Waɗanda suka san Hajiya Adiza sun san tun daga bakin layi ake jin muryarta. Cikin rabin awa sai ga ta, da jaka a kafaɗa, tana fifita da wani kwalin takalmi.

"Malam Sabi'u! Ba kai ne ka taɓa mayar mini da kwali don salatif ya karkace ba? Yau kuma kai za ka farke mini sittin da biyu?"

"Goma sha huɗu, Hajiya."

Na nuna mata. Ranar Litinin da rana salatif ɗinmu mai ruwan ɗorawa ya ƙare, muka yi amfani da fari har aka kawo wani ranar Talata da safe. Takardun Yaya a saman tuli na jefa su, su za a fara ɗauka. Don haka tana cikin masu farin salatif, su kuwa goma sha huɗu ne.

"To hoton mene ne wannan?"

"Kango."

"Kango! Ku Kanawa Allah ya shirye ku. Kun zo Caina, ga benaye har sama, ku kuma hoton kango kuke ajiyewa."

Sai na kunna mata saƙon Rabi. Ta daina fifita. Da ya ƙare ta gyara mayafinta.

"Alhaji Lawan ne ya nuna mini hanyar Xintang farkon zuwana, lokacin ban san hagu da dama ba," in ji ta. "Ku buɗe. Amma ka ji ni da kyau. Motar nan ta zo kayana ba su shirya ba, kai za ka ɗauke su a ka har Accra." Ta jawo wani kwali ta zauna. "Ni ma ina so in ga kangon nan."

Wahalar aikin ita ce shimfiɗa a ƙasa take. Kowane kwali sai an kwashe shi tas, a duba, a mayar da takalman yadda suke, a naɗe, a sake aunawa a ga nauyin ya yi daidai da na farko. Ni nake buɗewa, masu ɗauri biyu suna mayarwa. A kwali na farko muka sami kalanda. A na biyu furanni. A na huɗu wata Baturiya da farar riga.

"Ga shi nan an samu," in ji Hajiya. "Ashe amarya Alhaji Lawan ya ɓoye muku."

Masu ɗauri suka yi dariya. Ni ma na yi, ita ce ta farko tun rasuwar.

Azahar ta same mu a na bakwai, muka yi salla bi da bi. A na takwas Alhaji Nasiru ya fito daga ofis, ya naɗe hannun riga, ya karɓi salatif. Na tara babu, na goma babu. Na soma tunanin abin da zan faɗa wa Rabi, na kasa haɗa ko jimla ɗaya da ba ta da ƙarya a ciki.

A na goma sha ɗaya, da na ɗaga layin ƙarshe, na ga bayan wata takarda mai kauri a kife. Na ɗauko da hannu biyu na juya. Ita ce. Kusurwa ɗaya ta lanƙwashe, gefen kwalin takalmi kuma ya bar mata layi a sararin sama, tsawon ɗan yatsa. Ban da wannan lafiyarta ƙalau.

"Kawo nan," in ji Hajiya.

Ta riƙe ta nesa, ta matso da ita kusa. Sannan ta yi abin da 'yan kasuwa suke yi wa kowane kaya, ta shafa da yatsa.

"Malam Sabi'u, taɓa nan. Akwai rami."

Na taɓa. Gaskiya ne. Kewaye da hoton akwai wani zurfi mai kusurwa huɗu, kamar an danna wani abu mai nauyi a kan takardar. Baƙin zanen kuma yana ɗan tasowa a ƙarƙashin yatsa. Takardar talla sumul take, na san wannan sarai.

"Wannan ba daga masana'anta ya fito ba," in ji ta. "To me ne shi?"

Babu wanda ya sani a cikinmu. Kafin mu ce wani abu motar ta yi ham a bakin ƙofa. Muka rufe na ƙarshe, aka auna, aka loda sittin da biyu cif, Hajiya tana tsaye tana ƙirgawa da baki.

Da na buɗe kwalin Yaya don in ɗauko firam ɗin, a gaban Alhaji Nasiru da ɗaya daga cikin shaidun nan uku, sai na ga wani ɗan jan hatimi a bayan katakon. Na gane shi. Na wani tsoho ne Basine mai ƙaramin shago a lungun bayan Zhanxi, wanda yake sassaƙa mana hatimi, yana kuma gyaran firam. Shifu muke ce masa, wato gwanin sana'a. Na ce zan kai masa ya mayar da takardar yadda take. Hajiya ta ce ai hanyarta ce, kuma ba ta yini a kan kwali don a bar ta da tambaya ba.

Shifu yana ganin takardar a hannuna ba a cikin firam ba ya ɓata fuska. Ya goge hannu, ya karɓa, ya shimfiɗa ta a kan wani ƙyalle. Ya ga layin nan ya girgiza kai. Sannan ya leƙa bayana, wajen ƙofa.

"Lawban Lawan?"

Lawban shi ne maigida a bakinsu. Ni Sinancina na kasuwa ne, nawa, gobe, na gode, babu. Yaya ne ya iya hira da su. Cikin abin da na sani kalma ɗaya ce ta dace.

"Meyo," na ce. Babu.

Ya ɗaga hannu sama ya yi alamar jirgi, wato ko ya tafi gida. Na girgiza kai. Na sa tafin hannu na shafa idanuna na rufe su.

Tsohon ya cire tabarau ya zauna. Sannan ya tashi ya ɗora ruwa, ya zuba shayi a ƙananan kofuna uku, ya miƙo mana. Ya zuba na huɗu ya ajiye a ƙarshen tebur, gaban wata kujera da ba kowa a kai. Ba wanda ya taɓa shi har muka tafi.

Hajiya ce ta fara magana. Ta nuna ramin nan na gefe ta buɗe hannu, alamar tambaya. Nan fuskarsa ta ɗan saki. Ya jawo aljihun tebur ya ɗauko guntun jan ƙarfe, ya goga masa kyandir, ya ja layi da allura a kai. Yana yi yana magana a wayarsa, wayar tana mayarwa da Turanci, Hajiya tana mayar mini da Hausa, don ta fi ni jin Turanci.

"Ya ce ba da kyamara aka ɗauka ba, ba kuma a kan takardar aka zana ba. Farantin jan ƙarfe ake shafe wa kaki, a yi zanen da allura, a tsoma a ruwa mai ci irin na batir. Ruwan ba ya cin ko'ina sai inda allura ta bi. Sai a wanke, a cusa tawada cikin ramukan, a goge sama, a ɗora takarda mai danshi a matse da ƙarfi. Ramin da muka ji bakin farantin ne." Ta saurara, ta ƙara, "Wai kuma a juye ake zanawa, dama ta koma hagu, kamar hatiminsa. Kai! Mutum ya zana gari guda a juye."

Ya ce gine-ginen mutanen Rum ne na dā, can ƙasar Italiya, kuma tun lokacin da aka zana su sun daɗe da zama kango. A ganinsa takardar ta girmi kakansa nesa ba kusa ba. Akwai rubutu a ƙasa da harufan boko, amma ba harshen da wani cikinmu ya sani ba ne.

"Tambaye shi ko abu ne mai tsada," na ji Hajiya tana faɗa wa kanta, ta kuma tambaya. Ya karkaɗa hannu, wato ba sosai ba, da faranti ɗaya ana buga da yawa.

"Ka ji ko? Ko tsada ba shi da ita." Amma ba ta ɗauke ido daga kan takardar ba.

Shifu ya ce shekarun baya Yaya ya kawo masa ita a naɗe cikin jarida, daga kasuwar tsofaffin kaya, ya ce a yi mata firam. Tun daga nan, duk shekara in lokacin danshin nan ya wuce, wanda bango yake zufa, sai ya kawo a buɗe bayan ta sha iska. Su zauna su sha shayi, su yi musu.

"Musun me?" na tambaya.

Ya ɗaga babban yatsa da ƙarami, yadda suke nuna shida, ya nuna ƙirjinsa. Ya haɗa kan yatsunsa, yadda suke nuna bakwai, ya nuna kujerar da ba kowa.

Hajiya ta saurari wayar. "Awaki. Shi ya ce awaki shida ne a hoton, Alhaji Lawan ya ce bakwai. Kuma wai ya ƙi nuna masa ta bakwai ɗin, kullum sai ya ce ya nema da kansa."

Ya miƙo mana gilashin da yake duba ƙananan sassaƙa da shi. Hajiya ta riga ni karɓa. Ta bi hoton daga wannan gefe zuwa wancan tana ƙirgawa. "Shida ne. Allah ya jiƙan Alhaji, amma tsohon nan ya fi shi gaskiya."

Ta ba ni. Wannan shi ne karo na farko da na dubi hoton.

Ginshiƙai uku ne a tsaye, dogaye, biyu daga ciki har yanzu suna ɗauke da wani dogon dutse a ka. Na huɗu ya faɗi ya rabu gunduwa-gunduwa kamar an sara rake. A bayansu akwai wata babbar ƙofa mai baka, bishiya ta tsiro a kanta, saiwarta ta bi tsagin duwatsun ta sauko. Can nesa tudu, da wata hanya da ta ɓace a bayansa. Da na sa gilashin sai duk abin ya warware ya zama layuka. Ba a shafa baƙi ko'ina ba. Inuwa layi ne a kan layi, an gicciya su kamar saƙar tabarma, inda aka fi matse su nan ya fi duhu. Inda rana ta bugi dutse kuwa mai zanen bai taɓa ba sam, farar takarda ce kawai ya bari. Na yi ta mamakin yadda mutum zai san inda zai tsayar da hannunsa.

A kan ginshiƙin da ya faɗi, wanda aka sassaƙa wa ganye a ka, wani makiyayi yana zaune. Ya ba ginin baya, ya ɗora ƙafa ɗaya a kan gwiwa yana cire ƙaya. Duk girman abin da ke bayansa bai dame shi ba. Awaki suna kewaye da shi. Na ƙirga. Shida.

Na sake ƙirgawa, shida. Sai na tuna wani abu da na yi shekara da shekaru ban tuna ba.

Muna yara ni da Yaya mu muke kiwon awakin mahaifiyarmu. A kufai muke kai su, tsohon mazaunin garinmu da mutane suka tashi suka koma bakin titi. Katangu sun zube, sai bishiyar kuka ɗaya da bakin rijiya. Awaki suna son wurin, suna hawa kan rusassun bango. Wata rana da yamma na ƙirga na ga ba su cika ba, na soma kuka ina bin ciyayi. Yaya ya ce in dawo. Ya ce idan lissafi bai cika ba, ba daji ake dubawa ba, iyayen ake dubawa. Wadda ta daina ci ta juya wuya, ita ta san inda ɗanta yake.

Na daina ƙirga, na dubi awakin. Biyar kansu a ƙasa suna ci. Ɗaya a gefen hagu ba ta ci. Hantsarta a cike, ta juya wuya baya, bakinta a ɗan buɗe. Na bi inda take kallo da gilashin, a hankali, har ƙarƙashin gunduwar dutsen da ta faɗi, inda layukan suka fi matsewa. A cikin duhun nan akwai kunnuwa biyu ƙanana da ɗan baki. Jan allura huɗu ko biyar ne, ba su fi haka ba. Ɗan akuya ne a kwance a inuwa.

Na ɗora kan allurar Shifu kusa da wurin, ban taɓa takardar ba, na miƙa masa gilashin.

Ya daɗe a sunkuye. Sai ya bugi tebur har kofuna suka yi ƙara. Ya faɗi wata magana yana dariya, yana nuna kujerar nan, sannan ya sa bayan hannu ya goge ido.

"Ya ce duk shekarun nan babbar akuya yake nema," in ji Hajiya. Ta karɓi gilashin ta duba da kanta. "Ikon Allah. Malam Sabi'u, mai zanen nan ya yi kiwo, ko a rantse."

Ban sani ba ko ya yi. Na sha tunaninsa tun daga ranar. Mutum ya je zana manyan gine-gine, ya zana su kuwa, amma ya zauna a wurin har ya lura akwai akuyar da ba ta ci. Ya kuma ɓoye ɗan a inda sai wanda ya san awaki zai nema. Ban kuma sani ba ko kufan ne ya sa Yaya ya sayi takardar, ko awakin. Da na matsa kusa sau ɗaya, da na tambaye shi.

Shifu ya riƙe ta kwana uku. Ya miƙar da kusurwar, amma layin nan na sararin sama bai fita duka ba. Ya sa mata roba mai haske a madadin gilashi don ta yi tafiya a cikin firam ɗinta. Ba ta bi teku ba. Alhaji Nasiru ne ya riƙe ta a hannu da zai je gida.

Na gaya wa Rabi gaskiya, cewa layin da za ta gani ni na jawo shi, da yadda aka yi. Layin bai dame ta ba. Abin da ta tambaya daban ne.

"Baffa, ka ga na bakwai ɗin? Abba ya ce in ya dawo zai nuna mini."

Na ce na gani. Ta ce in gaya mata wurin. Na ɗan yi tunani, na ce, "Kada ki ƙirga. Ki dubi wadda ba ta ci."

Bayan kwana biyu da isar hoton ta turo saƙo, gajere ƙwarai. "Baffa, na gan shi."

Abin da na koya ba mai yawa ba ne. A aikin nan muna sanin nauyin kowane abu da faɗinsa da tsawonsa, mu ɗaure shi da kyau, ba mu san ko mene ne ba. Saurin hannu abin yabo ne a sito, amma saurin hannun nan ne ya kusa aika amanar marainiya Accra a ƙarƙashin takalma. Na kuma ga cewa dokar rufe kwali ba ta hana alheri. Manaja bai taka ta ba, mai kaya ce ta buɗe da bakinta, ta sa kasuwar sallarta a haɗari saboda yarinyar da ba ta taɓa gani ba. Har yau in Hajiya Adiza ta shigo, tun daga ƙofa take tambaya ko an samu wani kangon a kayanta.

Shi ya sa nake juya takarda, kuma shi ya sa nake cewa ku ma ku juya. Ba ya cin lokaci. Yaya ya gaya mini akwai hoto a ciki, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Ni ne ban matsa kusa ba.